Inda Akawu Ya Ɓoye Littafinsa

"…Lafiya lau muka kwana, ganinki ne dai ya dagula mana safiyar."

"Ni ma ba wurinka na zo ba, Akawu. An ce min kwamfutarka ce ba lafiya, na zo dubiya. Baiwar Allah, shekara tara tana fama da kai."

Da haka 'yata ta shigo ɗakin mahaifina ranar Asabar da hantsi, ko jakarta ba ta ajiye ba. Ni kuwa ina bakin gado da waya a hannu, kunnena ya yi zafi, raina ya gama ɓaci.

Ga abin da ya faru. Baba ya yi shekara talatin da biyu yana buga tafireta a ofis, shi ya sa jikoki ke ce masa Akawu. Da ya yi ritaya sai ya zauna rubuta tarihin gidanmu a kwamfuta. Shekara huɗu yana abu ɗaya. Rabin littafin daga bakin mahaifiyata ya fito, Allah Ya jiƙanta. Tana kwance tana faɗa, shi yana bugawa: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya yi fushi ya bar gida. Yau babu mai ran da ya san waɗannan abubuwa. To sai aka yi wa Baba aikin ido, ya yi sati bakwai bai taɓa kwamfutar ba. Ranar da ya yaye mata ƙyallen da yake rufe ta da shi ya kunna, sai ta ce wai tana sabunta kanta, kada a kashe. Ta ɗauki awa biyu. Da ta gama, komai ya sauya wuri, littafi kuma sama ko ƙasa.

Ni aka sa na kira masu taimako na kamfanin. Minti arba'in ana kaɗa min kiɗa a kunne, a ce danna ɗaya, a ce danna huɗu. Da ƙyar wani bawan Allah ya ɗauka, ya ce a wace folda aka ajiye littafin. Baba ya ce in gaya masa sirri ne. Mutumin ya ce to a kashe a kunna. Kwana uku ke nan Baba ba ya cin abincin kirki, kuma ya ƙi faɗa wa kowa inda ya ajiye. Ni 'ya ce, ba ni da bakin ce masa ya yi ba daidai ba. Jika kuwa ba ruwanta.

Ta ja kujerarsa ta zauna.

"Tashi min daga kujera, Mummuna. Ke da ke sayar da maganin tari a kemis, me kika sani a kan injin?"

"Na san tsofaffi. Kullum su nake sallama. Zauna can ka faɗa min me ka yi mata."

"Ni na yi mata? Ita ta yi min! Wa ya ce ta sabunta kanta? Na yi ƙorafi ne? Tafiretata shekara talatin ba ta taɓa wayar gari ta ce yau harafin 'ba' ya koma hagu ba."

"Ai kishi kake yi. Ita tana sabuntuwa, kai kuwa tun da aka haife ni fuskar nan ce, sai dai haƙora da ke raguwa."

"Da wannan fuskar kakarki ta gan ni ta ƙi cin abinci kwana uku."

"Tsoro ne ya hana ta."

Baba ya juyo wurina. "Kin ji abin da kika haifa?"

Na ce na ji, Baba. Me zan ce?

'Yar tawa ta riƙe linzamin kwamfutar tana zagayawa da shi a hankali, kamar mai neman allura. "To Akawu, abu ɗaya nake son sani. Mutum mai hankali yana ajiye takardunsa a nan. Babu. Mutum mai rabin hankali yana zubar da su a fuskar allo. Nan ma babu. Kai a wane rukuni kake?"

"Ina rukunin waɗanda suka san halin jikokinsu. Ɓarayi ne ku duka. Wanda ya zo sai ya ce bari in ɗan duba wani abu, kafin ka ankara ya cika min ita da wasan mota."

"Wato ɓoyewa ka yi."

"Na adana."

"A ina?"

"Inda ko aljani ba zai leƙa ba."

"Ai shi ya sa kai ma ka kasa gani. Faɗa min, in ba haka ba na tashi, ina da masu jira na a shago. Kuma na fasa auren naka, ka nemi wata."

"Wa ya ce yana so? Ni da nake da sabon ido yanzu? Da can da nake ce miki amarya, yanar ido ce ta rufe ni. Ranar da likita ya cire bandeji na gan ki, sai da na ce ya mayar."

Har ni sai da na kusa dariya, amma na dake, don ni abin ya ishe ni. Na ce, "Baba, don girman Allah ka faɗa mata."

Ya gyara hularsa. Sannan ya miƙa yatsa ya nuna wani ɗan hoto a kusurwar allo.

Na matsa na duba da kyau. Kwandon shara ne.

"A nan?" in ji ni. "Baba, a shara?"

"To wa ke buɗe shara? Kullum in na gama rubutu sai in jefa shi ciki. Da safe in ɗauko abina in ci gaba. Shekara huɗu ko ɗigo bai taɓa ɓata ba."

Minti arba'in na kiɗa, ashe a bola muke ajiyar tarihin uwata.

'Yata ta dafe kai. "Akawu, Akawu. A ofis ɗin ma haka kake yi? Ka buga wasiƙar shugaba ka jefa a kwando?"

"A ofis ɗinmu masinja ba ya kwashe kwando sai ya tambaye ni!"

"To wannan sabon masinjan ba ya tambaya. Ka ga nan? Da ta sabunta, an saka mata doka: duk abin da ya wuce kwana talatin a shara, ta share. Kai kuma ka yi sati bakwai kana kwance kana sa mutane yi maka sannu."

"Wa ya ba ta izini?"

"Kai. Ta tambaye ka, ka danna 'na yarda'."

"Ai don ta yi shiru na danna!"

Sai kuma muryarsa ta sauka. Ya zauna kusa da ni a bakin gado, ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. "Shi ke nan ya tafi ke nan? Har da abin da kakarku ta faɗa?"

Na harari yarinyar, don na ga bakinta yana motsi kamar mai danne dariya, kuma wannan ba wurin dariya ba ne.

Ta ce, "Ni abin da ya fi ba ni haushi, shafi na ɗari da arba'in. Wai an haife ni da kunnuwa kamar marfin tukunya."

Baba ya ɗago kai.

"Kuma wai ranar da ka fara zuwa gidan su Kaka, akuya ta cinye maka wasiƙar da ka kwana biyu kana bugawa. Wannan kam na yarda, don ko akuya ta san inda ya dace da rubutunka."

"Ke! A ina kika ji wannan? Ban taɓa faɗa wa kowa ba!"

Ta buɗe jaka ta zaro ɗan filashin da ake kwafe rubutun kwamfuta a ciki, ƙarami kamar ɗan yatsa, ta ɗaga shi sama tana kaɗawa.

"Ka tuna shekara biyu da suka wuce, da na zo gyara maka firinta? Na ce bari in kwashe maka shara, ka buge min hannu har da salati. Tun ranar na ce, me tsohon nan yake so a bola haka? Kana fita alwala na buɗe. Daga nan duk zuwan da na yi sai na kwafa. Na ƙarshe, kana asibiti da bandeji kana yi wa nas-nas surutu."

"Ɓarauniya!"

"Na'am."

"'Yar fashi! Ashe duk ziyarar nan ba don Allah ba ce!"

"Don labari ce. Ina so in ji ko ɗan'uwan Kaka da ya yi fushi ya dawo. Ka tsaya a nan wata biyu, malalaci."

Na ce, "Ke kuma kin san da wannan kika bar ni ina shan kiɗa tun safe? Kwana uku mutum bai ci abinci ba!"

"Mama, ai ɗazu kika gaya min. Kuma so nake ya faɗa da bakinsa."

Ta soka filashin. Littafi ya buɗe, shafi ɗari biyu da sha ɗaya. Baba ya maida tabarau, ya matso har hancinsa na neman taɓa allo, ya gangara zuwa inda maganar mahaifiyata ta fara. Ya daɗe yana karantawa, leɓɓansa na motsi. Ni ma na kau da kai ina gyara zanin gado da ba abin da ya same shi.

Can ya share ido ya ce, "Aikin nan ne bai gama warkewa ba."

"Haka ne, Akawu. To yanzu wa ya fi wani hankali?"

"Kunnuwan dai ba zan goge ba. Tarihi ba ya ƙarya."

"To ni ma filashi ba zan bayar ba."

Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da in ji tun kafin rasuwar mahaifiyata. Ya sunkuya ya jawo akwatin tafiretarsa daga ƙarƙashin gado, wadda ko ƙurarta ba ya bari mu goge, ya tura mata da ƙafa.

"Ɗauki, Mummuna, kin ci. Sadakinki ke nan. Amma ki dawo Asabar mai zuwa ki sake sata, don zan faɗi ko ɗan'uwan kakarki ya dawo."