Rasuwar Taƙama, Wadda Ta Share Ɗakin Uwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu naɗe cikin bandeji, Barmo mai rubuta manhaja a Birnin Konni yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ordinatarsa, wato kwamfutarsa, Taƙama, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi a garejin ƙanensa, bayan gajeruwar jinya ta duka.

Marigayiya mai haƙuri ce. Kuran na lantarki ya ɗauke ta jure, rezon intanet ya gudu ta jira. Ba a taɓa jin muryarta ba sai "fuuuu" na fankarta in zafi ya kai mata wuya.

Ga yadda ajali ya zo. Barmo ya ajiye aikin buro, wato ofis, don gina wa 'yan kabu-kabu manhajar kiran fasinja, Juma'ar nan zai nuna musu. Wata manhaja mai suna git ke riƙe masa tarihin aikin: babbar ma'ajiya ita ce uwa, a cikinta akwai ɗiya mai taswirar hanyar Malbaza. Daga cikin ɗakin uwa ya ba da umarni a shiga ɗakin ɗiya a mayar da shi yadda yake tun farko. Ashe umarnin da ya fito daga uwa, da adireshin uwar yake tafiya, wanda ake kira GIT_DIR, kuma gogan naka bai cire shi ba. Taƙama, sarkin biyayya, ta leƙa ɗakin ɗiya, ta karanta adireshi, ta juyo ta share na uwa tas!

Naushi Barmo ya fara kai mata, gilashi ya tsaga masa hannu. Ya maka ta da bango, ya bi ta da guduma har maɓallai suka watse kamar wake, sannan ya hau moto ya bi ta kanta, ya dawo. Kalmarta ta ƙarshe: "ƙit."

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da linzamin ordinata maraya, da 'yan kabu-kabun da ke jiran Juma'a.

Nazifa abokiyar aikinsa, da ta zo gaisuwa daga Badaguishiri, ta shaida cewa git ba ya zubar da abin da aka damƙa masa, ɓoyewa yake, layin umarni guda zai dawo da komai muddin faifan ajiya na da rai. A kan faifan gudumar ta fi sauka. Barmo ya yi kuka wiwi.

Za a yi jana'iza Juma'a a bayan gareji, lokacin da aka sa don nuna manhaja. Ana roƙon 'yan kabu-kabu su halarta, domin aikinsu cikakke yana cikin gawar.