Yadda Za Ka Ba Injin Jirginka Iska da Bututun Samobar ɗin Surukarka

Ni Hosiyat ban yi boko ba, amma wata bakwai ina kallon Ergash, mijin 'yata, yana ƙera jirgin sama a tsakar gidana. Bi matakansa, na yi maka alkawari sai wani abu ya tashi sama.

Na ɗaya: Samo injin.
Kada ka sayi mai fistin kamar na mutane. Nemo na mushen mota, wanda wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyi a cikinsa. Ka ce ba shi da nauyi. Ergash ma haka yake.

Na biyu: Toshe ƙofofin iska.
Masu ilimi ne suka yi masa ƙofofi a gefe, don haka ka cika su da gam, ka huda taka a tsakiya. Daga ranar ba ya tafiya a hankali, sai ihu. Kajina sun daina ƙwai.

Na uku: Nemo bututu.
Sabuwar ƙofa tana son bututu mai santsin ciki. Jira surukarka ta tafi kasuwar Margilan, ka zare na samobar ɗinta, tukunyar shayin tagulla da uwarta ta bar mata. Ka tabbata saura mako guda mata arba'in su zo addu'ar cika shekara da rasuwar mijinta. In ta yi magana, ka ce, "Inna, aro ne fa, ko ƙwarzane ba zai yi ba."

Na huɗu: Daidaita tsawo.
Wai tsawon bututu ne ke ƙara wa inji ƙarfi. Yanke yatsa biyu, ka tayar, ka karkata kai kamar likita. Bai yi ba? Ƙara yankewa. Ergash ya yanka sau goma sha ɗaya kafin ya gano dogo ake so.

Na biyar: Fuskanci shari'a.
Za ta kai ka gaban Tursunboy, dattijon unguwa. Miƙa mata guntun da ya rage.
Na ce, "Baba Tursunboy, wannan bututu ne ko awarwaro? Da me zan dafa wa mata arba'in shayi?"
Ya shafa gemu, ya dubi jirgin, ya ce wa Ergash, "Ɗana, kujera nawa ce a ciki?"
Shari'a ta ƙare ke nan.

Gargaɗi: In ka wayi gari ka tarar da ƙullun gurasa cushe a ƙofar iskarka, farfela kuma ta ɓace, babu hannuna. Na dai ji ana cewa tana ƙarƙashin katifar wata tsohuwa mai ciwon baya, wadda ba ta tashi sai ta ga sabon bututun tagulla. Addu'a ranar Alhamis ce, Ergash.