Gishirin da Ambarka Ta Lasa

A dajin nan kowa ya san matsayinsa, wanda ya manta nasa kuwa akwai kuraye da aka ajiye don su tuna masa. Zaki ne ke da arewa, daga duwatsu har bakin teku. Raƙumi na da gabas, ƙasa mai faɗi da ƙarancin ruwa. A tsakiya akwai wata tsohuwar kuka inda Majalisar Dabbobi ke zama duk ƙarshen damina, Toron Giwa yana shugabanta. A nan ake sauraron kowa da kunnen basira, sannan a zartar da abin da manya suka riga suka ƙulla tun a gida.

Bareyi ne kaɗai ba su da mazauni a wannan tsari. Da can suna da tasu ƙasar, Farin Rairayi, tsakanin hamada da teku. Rijiyoyinta kaɗan ne, amma nasu ne. Wani Shaho daga hayin teku ya daɗe yana mulkinsu, da ya gaji zai tafi ko sallama bai yi musu ba, sai ya miƙa wa Zaki ƙasar kamar mai ba da aron tabarma. Bareyi suka ƙi, suka tari farce da ƙaho, aka zubar da jini mai yawa. Wasu suka gudu zuwa wani fako a ƙasar Raƙumi, inda ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta tsiro. Sauran suka rage a gida. Zaki ya sa gara ta gina ganuwa tsakaninsu, doguwa har ido ba ya ganin ƙarshenta, ya sa aka binne tarkuna a gindinta.

Ambarka na cikin waɗanda suka gudu. Lokacin tana da ƙuruciya da 'ya'ya biyu. Namijin ya iya gudu, suka fita tare. Macen, Galiya, ta karye a ƙafa, sai ta bar ta wajen wata ƙanwarta, ta ce mata za ta dawo kafin ƙafar ta ɗoru.

Ana cikin yaƙin ne Majalisa ta aiko da jakada, wata Hawainiya mai taushin murya. Ta ce bareyi su sauke ƙaho, nan da damina mai zuwa za a tara su duka, kowace barewa ta ɗauki tsakuwa ta ajiye a tulin da take so, ko na zama ƙarƙashin Zaki ko na cin gashin kai, tulin da ya fi girma shi za a bi.

To bareyi suna da wata al'ada. Ba sa karɓar alkawari da baki kawai, sai an kawo dutsen gishiri an lasa tare. Wannan rantsuwa ba ta faɗuwa sai an cika ta, ko wanda aka lasa da shi ya dawo ya warware, ko kuma duk harshen da ya taɓa gishirin ya shiga ƙasa. Dattawa suka lasa, aka kira Ambarka ta lasa a madadin mata, Hawainiya ma ta zaro dogon harshenta ta ɗan taɓa. Bareyi suka ɗauka Majalisa ce gaba ɗaya ta lasa. Allah sarki, ba su san cewa a gindin kuka jakada daban ne, aikensa daban.

Damina ta zo ta wuce. Zaki ya koro tumaki da awaki daga ƙasarsa ya zuba su a Farin Rairayi, ya ce su ma bareyi ne, gashi ne kawai ya yi musu yawa, don haka da su za a ajiye tsakuwa. Aka shiga muhawara a kan mene ne barewa. Ana cikin muhawarar Hawainiya ta mutu a garinsu, aka aiko wata, ita kuma ta ce ba ita ta lasa ba, ba ta da ikon warwarewa. Bayanta wata ta zo, launinta daban, maganar ɗaya. Majalisa ta kuma jera balbelu farare a kan ganuwa, aikinsu su duba ko wata barewa ta ɗaga ƙaho. Abin da kuraye ke yi wa bareyin cikin ganuwa kuwa, su ja mai magana zuwa kogo a daina jin ɗuriyarsa, wannan ba ya cikin aikinsu, sai su juya wuya su gyara gashi.

Haka Ambarka ta tsufa a fako tana cin harawar sadaka. Ɗanta ya mutu ya bar mata jika, Salik, wanda bai taɓa ganin teku ba amma ya san sunan kowace rijiya. Labarin Galiya sai ta bakin tsuntsaye masu wucewa: ta yi aure, ta haihu, kuraye sun ɗauke mijinta, ta fara furfura. Dattawan da suka lasa gishiri suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ita kaɗai. Samari ba su taɓa ce mata komai ba, amma tana jin ƙarar ƙahonsu a jikin dutse kowace safiya, kuma ta san Salik ne kan gaba.

Da ta ji ƙafafunta sun fara ƙin ta, sai ta ce a kai ta Majalisa. Salik ya raka ta.

Ranar zaman, Dila wazirin Zaki ne ya fara magana. Ya rusuna ya ce, "Allah ya ja zamanin Toron Giwa. Mai martaba Zaki ya aiko ni da gaisuwa, ya ce a tuna wa Majalisa cewa babu mai son bareyi kamarsa. Ya gina ganuwa don kada iska ta dame su. Ya kawo musu 'yan'uwa don kada kaɗaici ya kashe su. Farar ƙasar da ake haƙa a can ita ke gyara ciyawar wasu da ke zaune a nan, kifin tekun kuma ba sai na ambaci sunayen masu ci ba. Maganar tsakuwa ba mu ƙi ba. Muna dai roƙon a ƙara mana lokaci mu gama fahimtar mene ne barewa, don gaggawa aikin shaiɗan ce."

Manya suka gyaɗa kai, musamman masu cin kifi.

Aka ba Ambarka dama. Ta miƙe da kyar, ta jingina da jikanta.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya maganar fada ba. Ni barewa ce, uwata barewa ce, ban taɓa sanin abin yana buƙatar bincike ba. Na bar 'yata da karyayyar ƙafa na ce mata ina zuwa. Yau ita ma tsohuwa ce. Ban zo roƙon harawa ba. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Abu biyu nake nema, ku ba ni ɗaya: ko ku ba mu tsakuwarmu, ko ku warware mana rantsuwa mu san inda dare ya yi mana."

Toron Giwa ya ce cikin ladabi, Majalisa ba ta san da wata rantsuwa ba, ko za ta yi bayani?

A nan ne ta yi kuskure, irin wanda barewa ce kaɗai za ta yi, don a al'adarsu wanda ya tsaya gaban taro ba ya rage magana a ciki. Ta bayyana musu komai game da gishirin, har da sharaɗinsa na ƙarshe. Ta ce, "Duk waɗanda suka lasa sun tafi, ni kaɗai na rage. Numfashina ne ke riƙe da ƙahon yaran nan. Ranar da aka binne ni babu sauran abin da zai tsare su, za su faɗa wa ganuwa, tarkuna su cinye su. Don girman Allah ku hanzarta, ina raye."

Ita a tunaninta ta tsorata su ne. Ta ga kunnen Dila ya motsa, ba ta kawo komai a ranta ba.

Dila ya sake miƙewa, har da share ido. "Ranka ya daɗe, maganar uwarmu ta taɓa ni. Ashe zaman lafiyar dajin nan gaba ɗaya a wuyan wannan baiwar Allah yake, mu kuma mun bar ta tana cin busasshiyar harawa? Abin kunya ne. Ina ba da shawara Majalisa ta ɗauki nauyin lafiyarta. A riƙa kai mata ɗanyar ciyawa da ruwa mai sanyi, a ba ta masu magani su zauna da ita. Mai martaba zai biya. Allah ya ba uwarmu tsawon rai."

Majalisa ta amsa da amin. Tun da aka kafa ta ba a taɓa yanke hukunci da sauri irin na ranar ba, ko mai adawa ɗaya ba a samu ba. Maganar tsakuwa aka ɗage ta zuwa damina mai zuwa, aka yaba wa bareyi bisa haƙurinsu, aka tashi.

Sai a hanya Ambarka ta gane abin da ta yi. Ta kasa kallon Salik har suka isa.

Kafin su iso, kaya sun riga su. Wannan karon Majalisa ba ta yi jinkiri ba. Ga ciyawa kore shar a ƙofar rumfarta, da raɓarta, ga wata balbela mai magani tana jira. Bareyin fako sun taru nesa kaɗan sun yi cirko-cirko, don labari ya riga ya zo. Ambarka ta sunkuya ta shaƙa, nan take ta gane ƙamshin. Ciyawar Farin Rairayi ce, irin wadda ke fitowa a bakin rijiyar da ta bar Galiya.

Ta zauna tana kallonta. In ta ci, za ta rayu, ganuwa ta zauna, Galiya ta mutu tana jira. In ta ƙi ci, ba za ta daɗe ba, yaran nan kuma su ruga cikin tarkuna, na farko shi ne wannan da ke tsaye a kanta.

Ta ɗaga kai ta ce, "Angona, na ga ka yi shiru. Kai ne babbansu. Ka faɗa mini gaskiya, in ci?"

Salik ya dubi yamma inda ganuwa take, ya dubi abokansa da suka zuba masa ido, ƙahonsu na sheƙi. Tun yana ƙarami yake jiran ranar da babu mai riƙe shi, kuma ya san kalma ɗaya ta ishe shi. Sannan ya durƙusa, ya sa goshi ya turo ciyawar har gaban bakinta.

"Ci, Kaka," ya ce. "Kin sha hanya."

Ambarka ta ci tana kuka. Balbela ta tashi ta nufi gindin kukar Majalisa don ta kai albishir cewa tsohuwa ta ci abinci, daji yana lafiya.