Taken Sarkin Pawa a Ƙofar Gidan Baffana

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin Hajara ba, kuma ko na so in manta, mahautan kasuwar Garwa ta Kamaru ba za su bar ni ba.

Ni ɗan gidan mahauta ne kaka da kakanni, amma ban gaji wuƙa ba. Tun ina lise, wato sakandare, ganin jini ke sa ni jiri, sai na kama haɗa kiɗa a kwamfuta. Baffana Alhaji Sale, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya saya min kwamfutar da lasifikoki biyu bayan ya gaji da nacina. Ranar da ya miƙa min ya ce, "Ban gane sana'ar nan ba, amma kada ka kunyata ni." (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Aikina shi ne abin da muke kira sampul: ka ɗauki gutsuren sautin ganga ko garaya, ka yanka, ka zuba a na'ura, ta yi ta maimaita shi a kan duk kiɗan da kake so. Cikin shekara biyu kaina ya kumbura. 'Yan mata na rawa da kiɗana a bukukuwa, wani direba ya ce ya ji shi har a garin Bibemi, ni kuwa na fara yawo da tabarau da abin sauraro rataye a wuya ko ba na sauraren komai. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha wa'azi cewa zamanin makaɗa ya wuce.

Wata ranar kasuwa na ratsa ta layin mahauta, na tarar da Baba Ɗanjuma, tsohon mai kalangun da ke yi wa mahauta kiɗa tun ban zo duniya ba, yana wani bugu mai ratsa ƙashi. Na zaro waya na ɗauki 'yan daƙiƙoƙi na wuce. Ban gaishe shi ba, ban nemi izini ba, kuma ban ɗaga ido na ga gaban rumfar wa yake tsaye ba. A kunnena a lokacin duk kalangu kalangu ne.

Da aka sa ranar auren Hajara, 'yar autar Baffa, na je na zauna a gabansa da kwamfuta a cinya.

"Baffa, ba sai an kira Ɗanjuma ba. Yana cikin nan."

"Cikin ina?"

"Cikin na'urar. Kuma wannan ba ya gajiya, ba ya neman goro, fatarsa ba ta sakewa idan an yi ruwa."

Baffa ya daɗe yana kallona. "Tun auren ubanka shi ke mana kiɗa," in ji shi. Amma na nace, Hajara ma ta goyi bayana, sai ya sakar min. Aka aika wa Baba Ɗanjuma goron gayyata kamar kowane baƙo.

Akwai abin da ya kamata ku sani. Shekara ashirin Baffa ba ya ga maciji da Alhaji Garba, wanda aka naɗa Sarkin Pawa, sarautar da Baffa ke gani gadon gidanmu ce tun daga kakanmu. Rumfunansu na kallon juna, amma gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu. Sai dai mahauta ba sa ƙin bikin juna komai gaba, don haka ranar Sarkin Pawa ya zo da mutanensa bayan la'asar, aka ba shi kujera a gaba, ya zauna fuska a ɗaure.

Ni kuwa ina bayan teburina, sabuwar shadda, tabarau, zuciya kamar an yi min albishir da kujerar Makka. Na tanadi sabon kiɗana don lokacin da Baffa zai fito gaida baƙi. Yana sa ƙafa a bakin zaure na danna.

Kalangun ya tashi, ƙasa ta ɗauka. Samari suka fara kaɗa kai, daga cikin gida na ji guɗa. Dattawa kuwa suka yi tsit, wani ma ya tsaya da loma a hannu. Na ce a raina, to, yau tsofaffi sun ga zamani. Na ƙara sauti.

Sai Sarkin Pawa ya miƙe. Ya gyara babbar rigarsa, ya ɗaga dunƙulallen hannu sama, ya fara takawa a hankali zuwa tsakiyar fili, mutanensa na biye suna masa kirari. Mutumin da ya shigo kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa, ga shi yana murmushi har ana ganin haƙorin makkarsa. Ni kuma (Allah ya yafe min) ina tsalle a bayan tebur, ina nuna shi da yatsa biyu, ina jin na sasanta rikicin shekara ashirin da kiɗa ɗaya. Na'ura ta maimaita gutsuren nan, ta sake, ta sake, har na daina lissafi, Baffa yana tsaye a bakin zaure bai motsa ba.

Sarkin Pawa ya waiga yana neman makaɗin da zai yi wa kari, bai ga kowa ba, sai ya taho wurina ya manna min takardar kuɗi a goshi.

"Useko, na gode, ɗana," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ban taɓa zaton zan ji takena a ƙofar gidan nan ba. Allah ya yi maka albarka."

Takensa. Kowane babban mahauci yana da takensa a kalangu, bugun da ke kiran sunansa da na iyayensa, idan ya ji dole ya tashi ya amsa. Ɗan gidan mahauta ko yana goye ya san wannan, sai ni da na toshe kunne da waƙoƙin Duwala. Ashe ranar kasuwar nan a gaban rumfar Sarkin Pawa tsohon yake tsaye. Wato a ranar auren 'yarsa, a ƙofar gidansa, da lasifikokin da ya saya da kuɗinsa, na kirawo wa Baffa, mutumin da ya ce kada in kunyata shi, abokin gabarsa ya fito ya taka rawa.

Baffa ya taho a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Madalla. An karrama baƙo. Yanzu buga nawa."

Jama'a, babu nasa. Gutsure ɗaya tak gare ni. Mai hankali zai faɗi gaskiya a nan, amma ni sai na fara danne-danne. Na rage gudu, taken Sarkin Pawa ya fito a hankali da ƙasaita, har ya fi na farko daɗi. Na ja muryar sama, sai wata goggona ta leƙo daga zaure ta ce, "Wannan ai shi ne dai, sauro ya ara." Fili ya fashe da dariya. Takardar kuɗin na nan manne a goshina, gumi ya riƙe ta, na ma manta da ita.

Can baya, Baba Ɗanjuma ya gama cin tuwonsa, ya wanke hannu ba gaggawa, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin kujera. Kalangunsa ne a ciki. Ya rataya, ya matse shi a hammata, ya dube ni ya ce, "Kashe abin nan, ɗana."

Ya buga taken Baffa. Na ga kafaɗun Baffa sun miƙe, hannunsa ya tashi sama da kansa. Sannan tsohon ya juya bugun zuwa wani wanda ban sani ba, sai na ga Baffa yana share ido da hannun riga, shi ma Sarkin Pawa ya sunkuyar da kai. Goggo ce ta raɗa min cewa taken mahaifina ne. Shekarata ashirin da shida ban san ubana yana da take ba, kuma wannan ya fi dariyar jama'a yi min ciwo.

Da zai wuce ta gaban teburina, Baba Ɗanjuma ya ɓamɓare takardar daga goshina ya sa a aljihunsa (haƙƙinsa ne). "Na'urarka tana da baki," ya ce, "amma ba ta da ido. Ni sai na ga wanda ya shigo nake buga."

Washegari na kai masa goro na ba shi haƙuri. Har yanzu ina sana'ata, ban jefar da kwamfuta a kogin Binuwai ba, amma shi nake ɗaukowa da kansa ya zauna ya buga, kuma kafin in yanki ko da gutsure ɗaya sai na tambaya, "Baba, wannan na waye?" Darasin ke nan: kada ka ɗauki abu a kasuwa ba ka duba gaban rumfar wa ka tsince shi ba.

Baffa ya ce ya yafe, kuma na yarda da shi. Sai dai Sarkin Pawa ya aiko aka tura masa kiɗan, ya sa shi a matsayin ƙarar wayarsa, kuma mutum ne mai yawan jama'a. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara a rumfar da ke kallon tamu, Baffa yakan kira ni a waya. Yakan juya tasa wayar ne wajen rumfar in saurara har kiɗan ya ƙare, sannan ya kashe.