Shirun Tabawa a Majalisar Kududdufi

A bayan gidan wani mai lambu akwai kududdufi, kuma tun ran da aka haƙa shi dangin kififiya ke mulkinsa. Tsarinsu ba wuya: akwai falalen dutse a tsakiyar ruwa, wanda ya fi kowa faɗin baya shi ke hawa ya sha hantsi, shi ne sarki. Kullum mai lambu na watso musu abinci, su ci su bar saura ya ruɓe a ƙasa. Daga ruɓaɓɓen nan gansakuka ta tsiro ta rufe ruwan, har Sarki Jatau ya daina ganin fadawansa in sun nutse. Abin ya dame shi, don sarki ba ya son a yi masa fadanci inda ba ya gani.

Da damina ta yi ƙarfi, lambatu ya haɗa kududdufin da rafi. Sarki ya aika a yi shela: ana neman kifin da zai cinye gansakuka, ga ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa. Uku suka amsa: Tarwaɗa, da Barmo ƙurungu, da wata karfasa mai suna Tabawa.

Tabawa ba sarauta ta kawo ta ba. Rafinsu na ƙafewa duk rani, bara a gabanta 'ya'yanta suka bushe a taɓo. Bana sababbi na cikin bakinta, yadda karfasa ke ɓoye nata har su yi ƙwari. Tun da ta shigo ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta kewaya gabas ta dawo yamma, ta leƙa gindin dutse ta ga ƙasusuwan kifi jibge, ta juya da sauri wajen lambatu, ta tuna taɓon bara, ta sake dawowa.

Aka taru. Waziri Dangana ya miƙe wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, Tarwaɗa jarumi ne, amma bakinsa ya yi faɗi. Mai irin wannan baki ba a gansakuka zai tsaya ba." Aka sallami Tarwaɗa da godiya.

Barmo ya matso. "Allah ya ba ka nasara, zan yi aikin. Amma tambaya biyu gare ni. Waɗanda suka yi aikin nan kafin mu, ina suke? Kuma me zai hana ku cinye abincinku, ko ku ce a rage? Ai daga nan cutar take."

Waziri ya dubi ƙayoyin da ke bayan Barmo, ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce, "Magabatanka sun yi hidima har ƙarshen ransu, muna alfahari da su. Kai kuwa ƙaya ta yi maka yawa, a jiki da a baki. Ba za ka haɗiyu a wannan gida ba."

Da Barmo zai wuce ya goga jikin Tabawa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, biyo ni. Lambatun nan kwana uku ya rage masa."

Ta bi shi kaɗan ta tsaya. Gaba rani, baya kififiya.

"Saura baiwar Allah," in ji Waziri. "Ga ladabi, ga laushin jiki, ga albarkar haihuwa. Majalisa ba ta tilasta kowa. In kina da ja, buɗe baki ki faɗa."

Fadawa shida suka kewaye ta, kowa ya zuba wa bakinta ido. Tabawa na jin 'ya'yanta na motsi a kan harshenta. Ta datse baki.

"Ta yarda," in ji Sarki. Nan take aka naɗa ta Magajiyar Tsabta.

Lambatu ya ƙafe. 'Ya'ya suka yi ƙwari, suka fito suka kama aiki haiƙan. Cikin wata guda ruwa ya yi garau, har mai lambu ya kira maƙwabta su gani. Daga kan dutse kuwa yanzu ana hango kowane ɗan kifi, ko ina ya shiga. Fadawa suka daina wahalar lalube. Tabawa ta ƙirga da safe, ta ƙirga da yamma, kullum lissafin raguwa yake. Ranar da ta kai kuka, Waziri ya yi mata ta'aziyya mai tsawo, da ɓawon kifi a gefen bakinsa.

Ta tara waɗanda suka rage a lungun da gansakuka ba ta ƙare ba. Suna ta wutsil-wutsil, suna son su afka wa gansakukar.

"Kada wanda ya taɓa ta," in ji Tabawa.

"Inna, yunwa muke ji. Kuma ai aikinmu ne."

"Na sani. Ku ci rabin ciki, ku bar ta ta yaɗu."

Kafin rani ya raba, ruwan ya koma kore shar. Majalisa ta zauna ta yanke cewa karfasa malalata ne, ta ba da umarni a fara shirin shela kafin damina. Tabawa na ƙarƙashin gansakuka tana jin su, cikinta na kuka, 'ya'ya goma sha ɗaya a bayanta.