Hannun Malam Ummaru

Ba zan taɓa mantawa da makon da ƙasar nan ta samu 'yancin kai ba, sai dai abin da nake tunawa daban ne da na tsarana. Su in an tayar da zancen, sai ka ji ana maganar tutoci da kaɗe-kaɗe da shinkafar da aka dafa wa 'yan makaranta. Ni kuwa wani ɗakin aji nake tunawa a Boɗinga, da igiya ɗaure daga taga zuwa taga, da wani shiru da na jawo wa kaina.

Lokacin ina sabon malamin elementare. Ɗan Shagari ne ni, aka turo ni Boɗinga da na gama kwalejin horon malamai. A kwalejin ne na koyi buga hoto da katako, na kuma dawo da sana'ar kamar ni na ƙirƙiro ta. Aikin ba wani sihiri ba ne. Ka sami katako mai santsi, ka zana abin da kake so, ka sassaƙe duk inda ba ka son tawada ta taɓa, ka shafa tawada, ka ɗora takarda, ka goge da bayan cokali, ka ɗaga. Abu ɗaya ne ke son lura: duk abin da ke dama a katako, hagu yake fitowa a takarda. Wannan magana ba makon da zai wuce ban maimaita wa ɗalibaina ita ba, har da buga tebur (ku riƙe wannan, don ni ban riƙe ba).

Wani maƙeri a Sifawa ya ƙera mini 'yan wuƙaƙe masu lanƙwasasshen baki, kafintan gari kuma yana tara mini guntayen katakon maɗaci. Da su na buga hotunan masu kwasar albasa a fadama, da jakunan kasuwa, da rijiyar bayan makaranta. Mutane na zuwa kallo, wasu su yaba, wasu su tambaya ko gwamnati don wannan take biyana. Ni dai yabon kaɗai kunnena ke ɗauka.

Da bikin ya matso, hedimasta ya ce in rataya ayyukana da na yara a aji ɗaya, domin hakimi da baƙinsa za su zaga makaranta. Nan take na ƙudura sai na yi hoto guda da zai shafe sauran. Ban daɗe ina tunani ba, Malam Ummaru ya faɗo mini a rai.

Malam Ummaru shi ne malaminmu na allo a Shagari. A gabansa na koyi baƙi da wasali, shi ya riƙa kama hannuna da nasa har alƙalami ya zauna mini. Rubutunsa sananne ne, daga ƙauyuka masu nisa ake kawo masa takarda ya rubuta Alƙur'ani. Kuma ranar da mahaifina ya rantse ba zan shiga boko ba, Malam ne ya taka har zaurenmu ya zauna da shi, bai tashi ba sai da aka amince. Duk abin da na zama, ta hannun mutumin nan ya biyo.

To, amma tun kafin faɗuwar damina rabona da shi. Daga Boɗinga zuwa Shagari ba wata duniya ba ce, ga ni da keke. Kullum sai in ce Alhamis mai zuwa, Alhamis ta zo ta same ni a kan katako. Gaisuwa dai ina aikawa ta bakin 'yan kasuwa, ina ganin na sauke nauyi.

Na yi dabara iya tawa a hoton. Na san akwai malaman da ba sa son a zana fuskar mutum, don haka na bar fuska. Na san takarda na iya faɗuwa ƙasa a taka, don haka ban sa aya ba, baƙaƙen farko kawai na jera a allon. Hoton gaba ɗaya hannu ne riƙe da alƙalami a kan allo, da ɗan karkataccen ƙaramin yatsan nan nasa da duk wanda ya yi karatu a zaurensa ya sani. Baƙaƙen su suka cinye mini hankali. Na jingina madubi ina juya su ɗaya bayan ɗaya don su fito daidai, tsoron kada malamai su yi mini dariya. Hannun kuwa na zana shi a katakon yadda yake a idona, ban juya shi ba. Na buga, na ɗaga takarda, idona ya tafi kai tsaye kan rubutu, na ga ya fito tsaf. Na buga wasu da yawa, kowace rubutun nake dubawa in yi murmushi.

Na aika Shagari ina roƙon Malam ya halarta. Amsa ta dawo daga babban ɗansa Bello, wanda muka yi karatu tabarma ɗaya, cewa Malam ba ya jin daɗin jikinsa amma ya ce zai ƙoƙarta. Na ɗauka mura ce ko zazzaɓin kaka. Ban ƙara tambaya ba.

Ranar ta zo. Na jera hotuna a igiya, na sa na Malam a tsakiya, na lulluɓe shi da farin ƙyalle don a buɗe a gaban jama'a (babu wanda ya sa ni, a kwaleji na ga ana yi). Mutanen Shagari suka iso a motar kasuwa, Bello na riƙe da mahaifinsa har ya zaunar da shi a kujera kusa da ƙofa. Malam ya yafa mayafi a kafaɗarsa ta dama duk da zafin da ake yi. Na ruga na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a hankali, ya buɗe baki kamar zai ƙara wata magana, sai aka ce ga hakimi nan. Na miƙe na bar shi da maganar a baki.

Aji ya cika. Hakimi ya zauna, dagatai da malamai da iyayen yara suka tsaitsaya, yara suka leƙo ta tagogi. Na yi jawabi, na daɗe ina yi. Na faɗi yadda ƙasa ta samu kanta, na faɗi yadda ilmi ya riga Turawa zuwa wannan yanki, na gangaro kan Malam Ummaru da alherinsa gare ni. Har nan lafiya lau, na ga dattawa na gyaɗa kai. Sai na kama bakin ƙyallen na ce:

"Ranka shi daɗe, wanga hannun Malam ne kamar yadda yake yau. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Na janye ƙyalle, na juyo ina jiran kabbara.

Ba wanda ya motsa. Mutanen Boɗinga suna duban hoton suna duban juna. Mutanen Shagari kuwa kamar an ba su umarni, duk suka sunkuyar da kai. Hedimasta ya yi gyaran murya. Sai Bello ya miƙe, bai ɗaga murya ba:

"Abin da munka yi damina guda muna suturtawa, shi ka kawo ka rataya ga igiya?"

Ban gane ba. Na juya na dubi hoton, a karon farko na dubi hannun ba rubutun ba. Hannun hagu ne. Ƙato, baƙi wuluk, riƙe da alƙalami, ga karkataccen yatsa, ga sunan Malam a ƙasa.

A nan mai hankali zai yi shiru ya sauke takardar ya ba da haƙuri. Ni sai na ɗauka laifin bai wuce na sa malami rubutu da hagu ba, abin da ɗan bayani zai wanke. Na yi 'yar dariya (har yau in na tuna dariyar nan sai na runtse ido), na shiga yi wa hakimi darasin dama da hagu, yadda katako ke juya abu. Na ga ba wanda ya saki fuska, sai na ce bari in nuna musu a zahiri. Na taka zuwa kujerar Malam, na ce ai hannun dama na sassaƙa, ga shi ma a gwada. Kafin Bello ya tare ni, na sa hannu ƙarƙashin mayafin na ɗago hannun Malam.

Sanyi na fara ji, sannan nauyi. Yatsun a dunƙule suke, ba su amsa riƙona ba. Mayafin ya zame ya faɗi. Don firgita na saki, hannun ya faɗa kan cinyarsa kamar ba nasa ba, a gaban hakimi, a gaban yaran da ke taga.

Ashe tun farkon damina ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta ɗan dawo, baki ya dawo, hannun bai dawo ba. Iyalinsa da almajiransa manya sun rufe maganar iya ƙarfinsu, don shi ya roƙa, bai so a riƙa zuwa kallon mai rubutun da ya daina rubutu. Duk Shagari an sani ana kawar da kai. Ni kaɗai, ɗansa na Boɗinga mai jawabi, ban sani ba.

Na durƙushe a wurin. Malam ya sa hannun hagu ya ɗauko mayafinsa da kansa, ya mayar a kafaɗa, ya ce wa Bello ya zauna. Sannan ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi mini ciwo ke nan.

"Ashe ba ka sani ba," in ji shi. "Ni ina cewa ka ji, tausayi ya hana ka zakkuwa."

Hakimi ya yi wa Malam addu'ar samun sauƙi, jama'a suka shafa, ya miƙe ya wuce ajin gaba ba tare da ya ƙara kallon igiyar ba. Ɗakin ya watse a hankali. Ban iya raka su Malam mota ba. Na tsaya ina cire hotuna, har na albasa da na jakuna da ba su yi wa kowa laifi ba. A waje ana ta kiɗa.

Washegari na ɗaure katakon a bayan keke na kama hanyar Shagari, da niyyar in faskara shi a gaban Malam. Bello na ƙofar gida, na yi sallama ya amsa don wajibi ne, ya kawar da kai. Na sami Malam a ɗakinsa na ciki, ba a zauren da na saba ba. Na zube na ce, Allah shi gafarta Malam, na zo neman gafara, na kuma faɗi abin da na zo yi da katakon.

Ya ce in miƙo. Ya ɗora shi a gwiwa yana shafawa da yatsun hagu, ya daɗe a kan hannun da na sassaƙa. A katakon, ka gane, hannun dama ne, lafiyayye, yadda yake a da. Ya ce takardun in yi yadda na ga dama da su, amma wannan ba za a fasa ba, a bar masa. Ya ƙara da cewa baƙaƙen ba laifi, sai dai harafin jim ɗina har yanzu cikinsa ya yi girma, kamar yadda yake tun ina yaro.

Daga nan ya nuna mini wani allo da ke jingine bayan ƙofa, ya ce in ɗauko in riƙe masa, don yana zamewa in shi kaɗai ne. Na riƙe. Ya tsoma alƙalami da hagu ya fara rubutu. Layin na karkacewa, tawada na ɗiga, kamar rubutun yaron da aka kawo jiya. Mutumin da ake yi wa tafiyar kwana don rubutunsa. Ya ce ba wanda ya taɓa ganin wannan sai Bello. Na riƙe allon da hannu biyu na kafa ido a kansa, don kada ya ga abin da ke fuskata.

Tun daga wannan rana, Alhamis ba ta ƙara samuna a Boɗinga ba. Hannun bai warke ba har Allah ya karɓi abinsa bayan 'yan shekaru, amma rubutun hagun ya kai inda yara ke iya biya shi, ya koma zaure. Bello kuwa ya daɗe yana gaishe ni kamar baƙo, ban ga laifinsa ba. Sai ranar jana'iza ya matsa mini wuri a kusa da shi.

Na ci gaba da sana'ata, na koyar da ita, na rataya hotuna a garuruwan da a lokacin sunansu kawai nake ji. An yabe ni, an kushe ni, ba wanda ya kai mini ko kusa da wancan aji. Abin da na tsira da shi biyu ne, kuma kyauta nake ba duk mai so. Kafin ka yabi mutum a gaban jama'a, fara zuwa gidansa ka tambayi lafiyarsa. In kuwa ka yi magana ka ji ɗaki ya yi tsit, to kai ma yi tsit, kada ka ce za ka yi bayani.