Yadda Za Ka Je Sifaniya Koyon Yare Ka Dawo Kontagora da Bakinka Yadda Ka Tafi da Shi

Kai ɗalibi da jami'a ta zaɓa ka je ƙasar Sifaniya koyon yarensu, kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan, ina ba ka tabbacin za ka je ka dawo ba ka iya komai ba, kuma ko taron suna ka shiga sai an tashi an ba ka kujera. An gwada su a kan Fidelis, ɗan Mama Rahila, manomiya daga Auna da ke zaune a Kontagora, sun kuma yi aiki, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Mataki na ɗaya: Nemi ɗan gida tun ba ka ajiye jaka ba

Babban haɗarin zama a ƙasar waje shi ne mutanen ƙasar. Suna magana, kuma idan ka yi sakaci sai ka fara ganewa. Fidelis ya tsira ne saboda a makon farko ya ci karo da Shamsuddeen, wani ɗalibi ɗan Bangi. Suka kama ɗaki ɗaya, suka gano shagon da ake sayar da garin masara, suka shekara suna tuƙa tuwo suna gardamar ƙwallo da Hausa. A aji kuwa ka zauna can baya. Duk abin da malama ta faɗa, ka gyaɗa kai a hankali kamar ka taɓa jin wanda ya fi shi.

Mataki na biyu: Hoto

Ka naɗa ƙyalle a wuya ko ana zafi, ka tsaya gaban tsohon gini, ka rungume littafi mai kauri. Kada ka buɗe shi. Mama Rahila ta zagaya da hoton nan a zumuntar matan coci har fuskar wayarta ta tsage.

Mataki na uku: Ka dawo ka manta da Hausa kaɗan

Ba duka ba, don za ka buƙace ta wajen neman ƙarin tuwo. Ranar da Fidelis ya sauka a tasha, ya nuna wa ɗan acaɓa wata akuya ya ce, "Abokina, yaya ma kuke ce wa wannan dabbar?" Ɗan acaɓan ya dube shi ya dubi akuyar, ya ninka masa kuɗin. Ka biya. Daraja ba ta zuwa kyauta.

Mataki na huɗu: Idan an ce ka yi yaren a ji

Za a ce. Ka rufe ido, ka jero sunayen tashoshin jirgin ƙasa na birnin da ka zauna, da sauri, kana kaɗa harshe. Gwaggon Fidelis ta roƙe shi ya yi wa gonar dawarta addu'a da Sifaniyanci. Ya ɗauko ta daga tashar farko bai tsaya ba sai ta ƙarshe. Ta ce amin da hawaye. Damina ta kuma yi kyau a shekarar.

Mataki na biyar: Idan mai yaren ya zo garinku

Nan ne ake gane gwani. Wata Lahadi Fada ya sanar a coci cewa an turo wata Sista Ines daga ƙasar Peru, inda su ma Sifaniyanci suke yi, ta yi aiki a ɗakin shan maganin cocin, ba ta jin Hausa, Turancinta ma da ƙyar. "Amma Allah ya riga ya tanada," in ji Fada. "Fidelis, taso."

Kada ka gudu, ƙofa ta yi nisa. Fidelis ya taso. Sista ta yi magana mai tsawo, ya tsinci kalma ɗaya, wato na gode. Ya juya ga jama'a ya ce, "Ta ce tun tana yarinya take jin labarin Kontagora. Ta ce ba ta taɓa ganin mata masu tsabta irin na zumuntar nan ba." Coci ya ɗauki guɗa. Ka lura: ba wanda ke binciken fassarar da ta yabe shi.

Mataki na shida: Kada ka yarda a kai baƙon gidanku

Fidelis ya yarda, don Mama Rahila ba ta tambaye shi ba. Ta yanka kaza, ta yi miyar taushe da ta sha gyaɗa, ta dama kunun gyaɗa, maƙwabta suka cika tsakar gida. Sista Ines ta sunsuna miyar, ta ja baya, ta yi wata magana tana nuna wuyanta.

"Me ta ce?" in ji Mama Rahila.

"Ta ce ƙamshin ya shige ta har maƙogwaro, Mama."

"Allah sarki! Ƙara mata."

Aka ƙara. Sista ta ture kwanon. Mama Rahila ta sake turo shi, fuskarta ta fara canzawa. Fidelis ya ce a ƙasarsu haka ake nuna kunya, sai an matsa wa baƙo. Gwaggo ta ɗebo cokali guda ta nufi bakin Sista da shi.

Sai Sista ta zaro waya ta yi mata magana. Wayar ta amsa da Hausa, da muryar mace, kowa na ji: "Idan na ci gyaɗa numfashina zai tsaya. Don Allah ku daina."

Gwaggo ta sauke cokalin a hankali. Mama Rahila ta ɗauke kwanon da hannunta, ta dafa wa baƙuwa shinkafa, ta raka ta har bakin titi. Da ta dawo ta tsaya a kan ɗanta ta ce, "Fidelis, da a gidana baiwar Allah nan za ta mutu?"

Mataki na bakwai: Ɗora laifin a kan karin harshe

Washegari Fidelis ya bayyana wa Fada cewa Sifaniyancin Peru na ƙauye ne, shi kuwa na birni ya karanta. Fada ya saurare shi har ƙarshe ya ce, "Madalla. To sai ka koyi na ƙauyen. Daga gobe kai ne ɗan rakiyarta."

Haka aka yi. Kullum yana bayanta a Keke Napep, daga ɗakin shan magani zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa ƙauyukan Rijau. Tana nuna albasa ta faɗi sunanta, ya maimaita, ta ce bai yi ba, ya sake. Babu bayan aji a cikin Keke Napep. Kafin a girbe dawa, an ji shi yana gaya mata da yarenta cewa mai tumatir ya cuce ta, ta kuma gane.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko na kunya ne ko na asibiti. Bai san ka ba, bai san gwaggonka ba. Idan kuma ka bi matakan nan sau da ƙafa amma ka wayi gari ka iya Sifaniyanci, kada ka zo ƙofar gidana. Ka nemi Fada.